Ɗakin Taron Garin Lavenham

A lardin Suffolk, arewa maso gabas da birnin London, akwai wani ƙaramin gari mai suna Lavenham wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. A bakin kasuwar garin akwai wani dogon gini na katako wanda ya kusa shekara 500 a tsaye. Duk wanda ya dubi irin sassaƙar da aka yi wa ginshiƙan ƙofarsa ya san ba talakawa suka gina shi ba.

Dukiyar garin daga ulu ta samu. Masaƙan Lavenham sun shahara da wani yadi mai kauri wanda ake rinawa shuɗi da wani ganye mai aiki irin na baba, kuma fatake na kai shi har ƙasashen ƙetare. A lissafin harajin 1524 garin ne na 14 wajen arziki a duk Ingila, har ya fi birnin York biya.

A cikin wannan yalwa ne, wajen 1529, wata ƙungiya mai suna Corpus Christi ta gina ɗakin. Mutane da yawa na zaton ƙungiyar 'yan sana'a ce, amma ta addini ce. Attajirai ke shiga, su riƙa ba da kuɗi domin idan ɗayansu ya mutu a yi masa jana'iza ta mutunci a kuma riƙa yi masa addu'a. A ɗakin suke taro, a nan kuma suke walimarsu. Sai dai ba su more shi ba ko shekara 20, domin a 1547, zamanin Sarki Edward na Shida, hukuma ta rushe irin waɗannan ƙungiyoyi ta ƙwace dukiyarsu.

Kasuwar yadin ma ta soma faɗuwa. Harajin da Sarki Henry na Takwas ya ɗora don yaƙi da Faransa ya yi wa attajirai nauyi, sa'an nan masaƙa 'yan gudun hijira daga Holan suka zauna a Colchester suna saƙa yadi marar nauyi mai araha. Masu saye suka koma can.

Daga nan ɗakin ya shiga hannu daban daban. An mai da shi gidan kurkuku a ƙarni na 17, inda ake tsare mabarata da masu ƙananan laifuffuka, har da yara. Bayan 1787 ya zama gidan da ake tara matalauta ana ba su abinci da makwanci a bakin aikin da suke yi. Wato wurin da attajirai suka yi don walima, jikokin masaƙansu suka kwana a ciki da yunwa. Daga baya ya zama rumbun ajiye ulu, a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa aka riƙa sayar da abinci mai rahusa a cikinsa.

Abin mamaki, talaucin ne ya tsare ginin. A garuruwan da arzikinsu ya ɗore, mutane sun rushe gidajen katako sun yi na bulo bisa yayin zamani. Mutanen Lavenham ba su da halin yin haka, sai suka ci gaba da zama a gidajen kakanninsu, waɗanda suka karkace saboda da ɗanyen katako aka gina su. Shi ya sa gine-gine fiye da 300 na garin ke cikin jerin waɗanda doka ta hana a rushe.

Iyalin Quilter, waɗanda suka sayi ɗakin suka gyara shi, sun ba da shi kyauta ga mutanen garin a 1946. A 1951 aka danƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, wadda ta mai da shi gidan tarihi inda ake nuna kayan saƙa da labarin fursunonin da aka tsare a ciki.