Jack Finch da Tawagar 1949: Nazari a Kan Silsilar Ilimin Tamaula da Jinkirin Isowarsa Kwarin Rima

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar Jack Finch, ɗan wasan Ingila wanda ake lissafawa a matsayin farkon mai horas da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, sa'an nan ta kafa hujja cewa ilimin da irinsa suka kawo tashar jirgin ruwa da layin dogo ya bi, shi ya sa ya daɗe bai iso Birnin Kebbi da Argungu ba.

Gabatarwa

Al'adar malamanmu ce, tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, idan aka ga ilimi a hannun mutum a tambayi daga wa ya karɓa, shi kuma malamin nasa daga wa, har a kai ga asali, domin ilimin da ba shi da isnadi ba a cika amincewa da shi ba. Ko da yake tamaula wasa ce, ba fanni daga fannonin addini ba, wannan ƙa'ida tana da fa'ida ga mai son sanin yadda dabarunta suka ratso ƙasar nan.

Finch da tafiyar Ingila

An haifi Finch a 1909 a gabashin Landan, ya shiga ƙungiyar Fulham a 1930 yana ɗan wasan gaba, yana cikinta ta ci gasar rukuni na uku na kudancin Ingila a 1932, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfi ya fara ja baya, sai ya bi tafarkin takwarorinsa da yawa waɗanda suka ga cewa abin da suka sani ya fi daraja a wajen baƙi bisa ga gida, har ya kai ga horas da ƙungiyar Valur ta ƙasar Aislan.

Amma abin da ya shigar da sunansa tarihinmu ya auku a 1949, sa'ad da hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, ƙarƙashin Kyaftin Holley, ta zaɓi 'yan wasa 18, Etim Henshaw yana jagorantarsu, cikinsu har da Teslim Balogun da Dan Anyiam da mai tsaron gida Sam Ibiam, ta sa su a jirgin ruwa mai suna Apapa zuwa Libaful, aka kuwa danƙa horonsu a hannun Finch. Wasa 9 suka yi da ƙananan ƙungiyoyin Ingila. A na farko suka lallasa Marine da ci 5 da 2, alhali yawancinsu ba takalmi, sai ƙyalle da suka naɗe ƙafa da shi, abin da ya ba Turawa mamaki matuƙa. Daga bisani kuma, musamman inda fili ya jiƙe, suka sha kashi fiye da yadda suka ci. A hanyar komowa suka tsaya Firitawun, ran 8 ga Oktoba, suka ci Saliyo 2 da nema, wanda shi ne wasan Nijeriya na farko a hukumance da wata ƙasa.

A ra'ayin mai wannan nazari, marubuta sun ɗora wa Finch nauyin da ya fi hakkinsa, gama 'yan makonni ba sa mai da almajiri malami, kuma waɗannan samari sun riga sun goge a gasar Kofin Gwamna, wadda aka fara a 1945. Falalarsa ita ce ya nuna musu cewa horo sana'a ce mai usuli da ƙa'idoji, wadda ake koya kuma a koyar. Shaidar haka tana ga almajiran: Anyiam ya zama mai horas da ƙungiyar ƙasa, Balogun kuwa ya koma Ingila ya yi wasa a Peterborough da Queens Park Rangers, ya dawo gida ya shiga horarwa.

Rabon Arewa, da na kwarin Rima

Idan aka bi sunayen tawagar ɗaya bayan ɗaya, za a tarar kusan duka 'yan Ikko ne da garuruwan Kudu, kuma John Dankaro, mutumin Takum, shi ne sanannen wanda asalinsa ya fito daga Jihar Arewa ta wancan zamani. Dalili bai ɓuya ba. Ƙungiyoyin da suka yi ƙarfi na ma'aikatu ne, wato Reluwe da Marin da kamfanonin ciniki, saboda haka inda dogo ya sauka nan ƙwallo ta yi saiwa: ya iso Kano a 1911, a 1953 kuwa Kano ta zama ta farko da ta fitar da Kofin Gwamna daga Ikko. Reshen da ya nufo yamma a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, bai taɓa shiga ƙasar Gwandu ko ta Kabi ba.

Don haka ƙwallo ta wata ƙofa ta shigo mana, ƙofar makaranta, a hannun malaman da suka yi Midil ta Sakkwato ko Kwalejin Katsina, waɗanda suka san dokokin wasa amma ba su zauna gaban gwanin horarwa ba. Ta kuma tarar da fage cike da masu shi. Kokawa da dambe suna da sarakunansu da makaɗansu, Argungu kuma tana da bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, wanda kuma UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Saurayin Kabi mai neman suna a ruwa yake nemansa, da homa da gora, kuma wannan ilimi silsilarsa ba ta yanke ba, daga Sarkin Ruwa da dattawan masunta zuwa 'ya'yansu.

Ma'aikatu da albashi da baitulmali, waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin ƙungiya da mai horas da ita, ba su taru sosai a Birnin Kebbi ba sai bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, shekara 42 bayan tafiyar Apapa, kuma a wannan zango ne filin wasa na Haliru Abdu ya zama gidan ƙungiyar Kebbi United.