Shekarar da Mai ya yi Tsada

Yau za mu waiwayi shekara ta 1973.

Kafin wannan shekara man fetur yana da araha. Ganga guda ba ta wuce dala 3 ba. A watan Oktoba yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa suka rage man da suke saidawa. Cikin wata uku ganga ta kai wajen dala 12. A Amurka motoci suka yi dogon layi a gidajen mai. A Holan aka hana tuƙa mota ran Lahadi.

Mu nan Nijar, abin ya iske mu cikin fari da yunwa. Hatsin taimako sai manyan motoci sun ɗauko shi daga nesa, kowace mota kuwa da mai take tafiya.

Sai gwamnati ta nemi mafita. A 1976 wutar lantarki ta Kainji ta iso Yamai. A 1981 gawayin Anu Araren ya fara bai wa Arlit wuta. Ku lura, kowane aiki ya ci shekaru.

A 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai. Nan da nan kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta hau a Maraɗi da Ƙonni.

To manomi mai injin ban ruwa, ka lissafa kuɗin manka tun yanzu. Kada ka yi saurin saida amalanke da shanu. Ba a fafe gora ranar tafiya.