Tarihin Garka da Lambu a Ƙasar Kazaure

Achilafiya gari ne na manoma a ƙasar Kazaure, masarautar da Ɗan Tunku ya kafa cikin 1819. A can, kamar sauran ƙasar Hausa, gandu shi ke cika rumbu da gero da dawa, amma tuwo ba ya ciwuwa gaya. Saboda haka tun zamanin kakanni magidanci ya kan kewaye ɗan fili a bayan gida da darni, don kada awaki su yi ɓarna. Wannan fili shi a ke kira garka.

Da ruwa ya sauka, sai a shuka kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa. Maigida da samari su kan yi sammako zuwa gandu, yara su yi ciyawar garka, uwargida kuwa ta tsinko abin miya. Abin da ya yi saura a yanyanka, a shanya, a adana saboda rani.

Ba dukan kayan miya ne 'yan ƙasa ba. Kuɓewa da yakuwa tun asali na Afirka ne, amma barkono da tumatir daga nahiyar Amurka aka ƙetaro da su, suka bi hannun fatake har suka zama 'yan gida.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, ga kuma haraji ana biya da tsaba, sai mutane suka ba gyaɗa ƙarfi. Ba a daɗe ba damina ta ƙi cikin 1913, aka shiga yunwar nan ta 1914 da a ke kira Kakalaba. Rumbuna suka ƙare, jama'a suka koma cin ganye. A irin wannan shekara a ke sanin darajar busasshiyar kuɓewa da zogalen bayan ɗaki, gama ko ba su ƙosar ba, sun riƙe rai.

Masu fadama kuwa su kan yi lambu da rani. Su haƙa rijiya, su kafa jigo, su yini suna ɗebo ruwa guga guga suna ba albasa. Aiki ne mai karya baya, amma kuɗinsa ya kan biya haraji ba a taɓa rumbu ba. Gwamnatin Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, ta himmatu ga gina madatsun ruwa a Jihar Kano, wadda Kazaure ke cikinta kafin a yanke Jigawa cikin 1991. Farin 1973 ya nuna amfanin wannan aiki. Daga baya injin ban ruwa ya ture jigo.

Garka dai ba ta bukatar inji, sai taki da darni da kula. Gidan da ya riƙe ta, ko hatsi ya yi tsada, ba ya sayen miya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a ci lafiya.