Tsakanin Filin Fareti da Allo

Mutanen Kano sun san Audu Bako da dam ɗin Tiga da tafkin Bagauda da gidan zu. Mu da muka sa kaki muka kuma riƙe alli, da wani abu daban muke tunawa da shi: malamin doka ne a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna tun kafin a yi mafarkin jihar Kano. A barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi a 1924, mahaifinsa ma ɗan sanda ne, shi kuma ya shiga aikin a 1942. Daga aji aka ɗaga shi har ya zama mai kula da 'yan dokan En'e na Arewa baki ɗaya, kafin Janar Gowon ya ba shi gwamnan Kano a 1967. A zamaninsa, koyarwa a kwaleji matakala ce da haziƙi yake takawa ya hau. Yadda aka yi ta daina zama haka shi ne abin da ya fi damuna a tarihin aikinmu.

Asalin aikin bai san aji ba. Turawa sun kafa 'yan gadin ƙaramin jakadansu a Legas a 1861, mutum talatin, daga baya Gwamna Glover ya tara dakarun da aka riƙa kira da sunan Hausawa, waɗanda suka kai 1,200 a 1879. Kamfanin Neja ya kafa nasa a Lakwaja a 1888. Abin da ake koya wa waɗannan mutane bai wuce uku ba: fareti, harbi da biyayya. Da gangan ake kai su garin da ba su da uwa ba su da uba, don kada tausayi ya hana su aiki. Ko da aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu a 1930 aka sami 'yan sandan Nijeriya, samanja mai tsawa a filin fareti shi ne babban malami, kuma har yau inuwarsa ba ta bar kwalejojinmu ba.

A Arewa kuwa akwai wani reshe da ya tsiro daga fada. Dogaran sarki, masu riga ja da kore, su ne suka riƙe tsaron gari tun kafin Turawa. Daga cikinsu da gefensu aka fitar da 'yan doka a ƙarƙashin En'e, aka sa musu kaki aka ba su kulki. Sun san kowane lungu, sun san ɗan wane da jikan wane, abin da ɗan sandan tarayya bai taɓa samu ba. Amma wanda ya naɗa su shi suke ji, kuma duk wanda ya yi jam'iyyar NEPU a shekarun 1950 ya san ɗanɗanar wannan kulki. Tura su kwas Kaduna da aka riƙa yi wani yunƙuri ne na cusa musu cewa akwai wata aba a rubuce da ta fi umarnin hakimi. Da Final Kod da dokar bin tsarin shari'ar laifuka suka fara aiki a 1960, sai ajin doka ya zama dole: wanda bai san lambar sashe ba, ba zai iya tsayawa gaban majistare ba. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar rushe 'yan doka, aka tace su aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar tarayya. Wasu daga cikin waɗanda suka koya mana aiki a caji ofis tsofaffin 'yan doka ne, rubutunsu da ƙyar, amma idan suka kalli ɗakin da aka fasa sai su gaya maka ɓarawon na gida ne ko baƙo.

Abin da ba su iya ba shi ne sanya wannan sani a takarda, kuma nan ne aikin malami yake. Mai kallo daga waje yana zaton shari'a a kotu ake cin ta. A kan kantar caji ofis ake cin ta ko a faɗi, a daren da aka kawo mutum, lokacin da kofur ya buɗe babban littafin ofis ya rubuta ƙarfe nawa, wa ya kawo shi, me aka samu a aljihunsa. Na sha ganin ƙarar da kowa a unguwa ya san gaskiyarta ta ruguje saboda lauya ya yi wa ɗan sanda tambaya ɗaya: "Ƙarfe nawa ka kama shi?" Ya ce tara, littafi ya ce sha ɗaya. Shi ke nan.

Saboda haka da aka tura ni koyarwa, ba da sashe-sashe nake fara wa kurata ba. Sai in sa biyu daga cikinsu su shigo aji ba zato, ɗaya ya fizge hular ɗaya ya fita da gudu, sannan in ce kowa ya ɗauko ƙaramin littafin aljihunsa ya rubuta abin da ya gani. Wani zai ce da hannun dama ya fizga, wani ya ce da hagu, wani ma ya rantse ya ji an yi zagi alhali ba wanda ya buɗe baki. Idan muka karanta su a bayyane aka gama dariya, sai in ce musu, "To, samari, haka shaidunku za su zo muku, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wanda ya mari shaida don bayaninsa ya saɓa da na wani, kansa ya mara." Wahalar ita ce lokacin da ake ba mu su. Tun asuba suna gudu da lef-rai, sai rana ta take a turo su aji, gumi ya bushe a wuyan riga, idanu sun yi ja. Filin fareti ya cinye ƙarfinsu, allo ya samu saura. Ban raina fareti ba, domin taron mutum ɗari masu bindiga da ba su jin umarni masifa ne. Amma a shekarun aikinsa, sau nawa ɗan sanda zai yi maci, sau nawa kuma zai ɗauki bayani?

Babban yunƙurin daidaita wannan sikeli shi ne Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda da aka buɗe a 1988, zamanin Sufeto Janar Muhammadu Gambo Jimeta. Ta fara a wuri biyu na wucin gadi, Challawa a Kano da kwalejin Kaduna, sannan ta tare a Wudil a 1996. Daga 2013 ta soma ɗaukar ɗalibai masu karatun digiri, su fito da shaidar jami'a da muƙamin mataimakin sufurtanda. A tsakaninmu an yi ta musu. Tsofaffi suna cewa yaron da bai taɓa tsayuwar dare a shingen hanya ba, ta yaya zai umarci sajan da ya haife shi? Ni ina ɓangaren Wudil, da sharaɗi ɗaya: a cikin masu koyar da shi a samu wanda ya taɓa bin sawun jini da tocila, ba masu digiri kaɗai ba. Masana irin su Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos sun buɗe mana ido kan abubuwan da mu na ciki muka saba da su har muka daina gani. Mu kuma akwai abin da muka sani wanda ba ya cikin littafi. Ɗalibi yana bukatar duka biyun a gabansa, ko da za su yi gardama, ai gardamar ma darasi ce.

Sai dai yayin da ake gina sama, ƙasa tana zaizayewa. Daga shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta shiga ɗaukar kurata 40,000 a kowace shekara, ba tare da an faɗaɗa ɗakunan kwana ko an ƙara malamai daidai da haka ba. Ajin da ya yi wa malami yawa, lacca kawai zai yi ya fita, ba zai duba rubutun kowa ba. A Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya halin da kwalejin Ikeja take ciki, har Shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani. Jama'a sun girgiza da ganin rufin da ya ruɓe da abincin da ba ya isa. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba shi ne yadda tura mutum kwaleji ya koma tamkar horo a idon jami'ai: wanda ya saɓa da maigidansa, sai a ce a kai shi ya koyar. Mutumin da ya zo da ɓacin rai yana ƙirga kwanakin komawarsa, ɓacin ran zai koyar.

Dokoki kuwa sun yi gaba sun bar aji a baya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma tanadi a naɗi ikirarin wanda ake tuhuma a bidiyo. Wata doka ta 2017 ta mai da azabtarwa laifi mai hukunci. Sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta zo a 2020, makonni kaɗan kafin zanga-zangar EndSARS. Da yawa daga cikin waɗanda ke kan kanta a daren yau sun bar kwaleji kafin a rubuta ko ɗaya daga ciki, kuma ba a sake kiransu kwas ba.

Bayan ritaya na koma koyar da darasin binciken laifuka a wata kwalejin farar hula, ajin ƙarshen mako. Kusan rabin ɗalibaina 'yan sanda ne da ke bakin aiki, kofur-kofur da saje-saje cikin kaftani, da kuɗin aljihunsu suke biyan karatun. Ranar da muka zo kan haramcin kama wani a madadin wani, wata saje ta ɗaga hannu ta ce, "Yallaɓai, idan maigidana ya ce in je in ɗauko matar mutumin har ya fito, me zan yi?" Na ce mata ta nemi a rubuta umarnin a littafin ofis, da suna da lokaci, kafin ta taka ƙafa waje, domin da wuya a sami jami'in da zai yarda ya sa hannu a ƙarƙashin irin wannan umarni. Ta rubuta amsar, sauran ma suka rubuta, sannan wani kofur ya tambayi abin da zai yi idan aka ƙi rubutawa aka kuma yi masa barazanar canjin wurin aiki, muka kwashe sauran lokacin darasin a kan hanyoyin kai ƙorafi ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda.