Harajin Dukiya

Harajin dukiya haraji ne da gwamnati ke karɓa duk shekara bisa jimillar abin da mutum ya mallaka, kamar gidaje, hannun jari da ajiyar banki, bayan an cire bashin da ake binsa. Galibi masu hannu da shuni yake shafa. Faransa, wadda ta taɓa soke shi, ta dawo da shi a 1989 don ɗaukar nauyin tallafin marasa galihu, amma a 2018 gwamnatin Shugaba Macron ta taƙaita shi ga gidaje da filaye, bisa hujjar cewa yana korar masu zuba jari. Norway, Sifen da Suwizalan suna karɓarsa har yau. Babbar wahalarsa ita ce ƙiyasta darajar kadara, musamman kamfanin da ba ya cikin kasuwar hannun jari.