Gidan Ɗan Hausa

Gidan Ɗan Hausa tsohon ginin ƙasa ne a unguwar Nasarawa, a wajen ganuwar birnin Kano. Ya samo sunansa daga Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen. A nan ya zauna da matarsa Isabelle, a Nasarawa kuma ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Nijeriya a 1909, inda aka koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai.

Magina Hausawa ne suka yi aikin, da tubali da azara. Kaurin bangon na hana zafi shiga, rufin ciki kuma ɗaurin guga ne, abin kallo har gobe. Manyan itatuwa na yi wa harabar inuwa.

Yanzu gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an kuma ajiye kayan tarihi a ciki. Babban abokin gabansa damina ce: muddin aka yi sakaci da yaɓe da gyaran indararo, ruwa zai ci bangon.