Rigar da Liverpool ta saka a Wigan: Labarin Suarez da Evra

Yau za mu koma shekarar 2011, mu duba abin da babban kulob yake yi idan aka zargi tauraronsa da wariyar launin fata. 'Yan Liverpool ku yi haƙuri, tarihi ne.

Ranar 15 ga Oktoba, 2011, Liverpool ta karɓi baƙuncin Manchester United a Anfield, aka tashi 1-1. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, ana shirin bugun kwana, sai cacar baki ta ɓarke tsakanin Luis Suarez ɗan Uruguay da Patrice Evra, ɗan Faransa haifaffen Dakar. Ana tashi wasa Evra ya kai ƙara wurin alƙalin wasa, ya kuma shaida wa tashar Canal+ cewa Suarez ya yi ta jifansa da kalmar da ke nuni da baƙar fatarsa.

Suarez bai musa cewa ya furta kalmar Sifaniyanci ta "negro" ba. Abin da ya ce shi ne sau ɗaya ya faɗe ta, kuma a ƙasarsu kalma ce ta raha da ake kiran aboki da ita. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta miƙa batun ga kwamiti mai zaman kansa, aka har nemo masana harshen Sifaniyanci. Masanan suka ce e, ana amfani da kalmar cikin wasa da dariya, amma idan cikin faɗa aka furta ta, zagi ce. Kuma ai mutanen nan biyu ba raha suke yi ba.

Ranar 20 ga Disamba aka yanke hukunci: dakatarwa ta wasa 8 da tarar fam dubu 40. Rahoton kwamitin mai shafi 115 ya ce sau 7 Suarez ya furta kalmar. Sai dai a yi adalci, kwamitin bai ce Suarez mutum ne mai ƙin baƙar fata ba, shi kansa Evra bai ce haka ba. Kan abin da ya fito daga bakinsa aka hukunta shi.

To, me Liverpool ta yi? A daren ta fitar da sanarwa tana sukar hukuncin, har tana nuna shakku kan gaskiyar Evra. Kashegari a gidan Wigan, 'yan wasan suka fito motsa jiki sanye da farar riga mai hoton Suarez da lamba 7. Koci Kenny Dalglish ma ya saka. Ku duba fa, kwana ɗaya tak da samun mutum da laifi, kuma cikakken rahoton bai ma fito ba tukuna. A farkon Janairu kulob ɗin ya ce ba zai ɗaukaka ƙara ba, amma ya ci gaba da cewa ɗan wasansa bai yi laifi ba. Da United ta koma Anfield a gasar cin kofin FA a ƙarshen watan, duk lokacin da Evra ya taɓa ƙwallo sai ihu ya tashi. Wanda aka zaga shi ya koma kamar mai laifi.

Abin ya kai ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu, 2012, a Old Trafford. Ana gaisawa kafin wasa, Evra ya miƙa hannu, Suarez ya wuce shi. Alex Ferguson ya ce ɗan wasan abin kunya ne ga Liverpool. Kashegari Suarez da Dalglish da shugaban gudanarwa Ian Ayre duk suka ba da haƙuri. A daidai lokacin, bankin Standard Chartered mai talla a gaban rigar kulob ɗin ya fito ya ce bai ji daɗi ba. Amma ku lura, haƙurin na ƙin musafaha ne, bai shafi ainihin zagin ba.

Kuma ba Liverpool kaɗai ba ce. Kwana 8 bayan wasan Anfield aka zargi John Terry da zagin Anton Ferdinand na QPR. Kotu ta wanke shi a Yulin 2012, amma FA ta dakatar da shi wasa 4 da tarar fam dubu 220. Chelsea ta bar masa kambun kyaftin, ta ce ladabtarwar da ta yi masa sirri ce.

Dalili a fili yake. Kusan fam miliyan 23 Liverpool ta biya Ajax kan Suarez, kuma shi ne ƙashin bayan gabanta. Idan kulob ya ga dukiyarsa na cikin haɗari, kare ta yake fara yi, magoya baya kuma su bi sahu. Kuka da shi ne ya sa a 2013 FA ta sa dokar cewa mafi ƙarancin hukuncin irin wannan laifi wasa 5 ne, a 2019 ta mayar da shi 6.

Haƙurin da Evra ya jira sai bayan shekara 8 ya zo. A Oktoban 2019, Jamie Carragher, wanda shi ne mataimakin kyaftin a lokacin rigimar, ya dubi Evra a tashar Sky Sports ya ce saka rigar nan babban kuskure ne. Bayan nan Evra ya ce shugaban gudanarwar kulob ɗin na wancan lokacin, Peter Moore, ya aiko masa da wasiƙar ban haƙuri. A lokacin Suarez ya daɗe da komawa Barcelona, don haka haƙurin bai ci Liverpool ko kwabo ba.

Mu da muke cika gidajen kallo muna faɗa kan kulob ɗin Turai, fatarmu irin ta Evra ce. Da a ce ɗan wasan kulob ɗinka ne aka zarga, za ka saka rigar? Ku ajiye mana amsarku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.